Sawun Hannu a Jikin Bango

Idan gini ya kai matakin fenti, tambaya ɗaya ce ke yawo tsakanin maigida da uwargida da mai fenti: wace kala za a sa? Sai a buɗe ɗan littafin nan na kamfani mai ƙananan gidaje, kowane launi da lambarsa, a yi ta nuni da yatsa. Ruwan madara a falo, ruwan toka a ɗakin maigida, ruwan hoda a na 'yan mata. Da an tsayar da magana sai a ƙirga bokitai, a yi cinikin aiki, mai fenti ya ɗaura rola a sanda ya bi bango sama da ƙasa. Kafin mako ya zagayo gida ya fito fes. Bayan 'yan watanni kuma sai ka ji uwargida tana ƙorafin cewa falon ya yi mata fayau, kamar ɗakin jira na asibiti. Launin bai koɗe ba, fentin bai tashi ba. Ido ne ya rasa inda zai sauka.

Masu fenti sun gane wannan ƙorafi, sun kuma samo masa magani da sunaye iri-iri. Yanzu idan ka kira ɗayansu, kafin ya ajiye jaka ya zaro waya: "Alhaji, ga dizayin kala-kala, ka zaɓa." Ga situko mai sheƙi da jijiyoyi irin na dutsen mabul. Ga mai yashi-yashi. Ga wanda ake dangwalawa da soso, da wanda ake murza tsumma a kansa, da wanda ake ja da mataji ya fito da layi-layi. Ga na hudaddiyar roba da ake kafawa a bango a shafa fenti ta cikin hudojin, fure ya fito iri ɗaya sau ɗari. Sunayen duk baƙi ne, hotunan kuma galibi daga Dubai ko Turkiyya ko Italiya suke, shi ya sa ake ɗaukar abin sabon yayi ne da jirgi ya sauke mana. Ni kuwa duk lokacin da na tsaya ina kallon hannun mai yin aikin, ba sunan da yake kira ba, abin da nake gani tsoho ne ƙwarai.

Kafin fenti ya cinye komai, Hausa tana da kalmomi da yawa na abin da hannu ke yi wa gini, kuma kowace da nauyinta. Akwai yaɓe, inda ake ɗibar kwaɓaɓɓiyar ƙasa a maka wa bango a bi da tafin hannu. Akwai shafe, wanda ya fi yaɓe laushi da natsuwa, shi ne rigar ƙarshe. Akwai daɓe, na ƙasan ɗaki, aikin mata, da madaɓi a hannu da waƙa a baki, ana bugu ana yayyafa ruwan makuba har ƙasa ta yi tauri ta yi duhu tana ɗaukar ido. Akwai guga, da ɗan dutse mai santsi. Sannan akwai zane, wanda shi ne ƙololuwa: magini ya ɗora ƙasa ya fitar da tudu da kwari, ko ya bi ɗanyen shafe da yatsa ko wuƙa. Wanda ya ce an yi wa ɗaki yaɓe amma ba a yi shafe ba, kowa ya san a ina aiki ya tsaya. Yau duk wannan mun dunƙule shi a jimla ɗaya, "an yi fenti", kuma abin da ya rage mana na bambancewa shi ne launi.

Launi kuwa a wancan zamani shi ne ƙaramin al'amari, domin kaɗan ne: jar ƙasa, farar ƙasa, duhun makuba, sai shuni ga mai hali. Ba banza ba har gobe ake kiran attajirai masu hannu da shuni, ake kuma ce wa mai ƙarin gishiri ya shafa wa labari shuni. Abin da ya sa ɗaki ya ƙayatu shi ne jikin bangon. Haske ya shigo ta ƙofa ko ta 'yar taga, ya faɗa kan tudun zane ya bar inuwa a kwarinsa, da hantsi wata kama, da la'asar wata. Bango guda ne, launi guda, amma ba ya gundura.

Duk wanda ya shiga abin da ya rage na tsohon Masallacin Juma'a na Zariya zai ga haka da idonsa. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ake kira Malam Mika'ilu, shi ya gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wajen shekarun 1830 zuwa 1840. Ginshiƙai ne na ƙasa masu kauri, da bakan gizo da aka ɗaure da azara, a jikinsu kuma zane ne mai zurfi, miƙaƙƙun layuka da kusurwoyi da zagaye, ba tarkace. Babu ruwan launuka a wurin. Abin da ke riƙe ido shi ne yadda kowane layi ke da kauri da inuwa. An kewaye tsohon ginin da sabon gini na kankare a shekarun 1970, amma akwai kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos, wanda Zbigniew Dmochowski, masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, ya yi wa hidima. Haka abin yake a sorayen Gidan Makama a Kano, da unguwar Birni a Damagaram, da tsohon garin Agadas da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2013. A Yama, cikin jihar Tawa, Falke Barmu ya fara ginin masallacin ƙasa a 1962, ya ci gaba da ƙawata shi shekara da shekaru, har ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Wato sana'ar ba a littafi kawai take ba, ta rayu har zamanin iyayenmu, kuma akwai sauran masu ita.

Kayan aikin ma abin a tsaya a kansu ne, don babu wanda aka yi oda daga waje. Makuba ɓawon ɗorawa ce, a jiƙa ta a sami ruwa mai duhu da ke ƙara wa shafe ƙarfin jure ruwan sama. Laso kuwa, wanda ya fi ta ƙarko, haɗi ne na sharar sana'o'i: katsi daga gindin karofin marina, gashin jima daga majema, da ruwan dafara mai yauƙi daga daji. Marini ya gama da abinsa, majemi ya gama da nasa, magini ya kwashe ya rufe soro da su. Idan marina ta mutu, laso ya bi ta. Shi ya sa ba a iya raba labarin bangon Kano da labarin rijiyoyin Ƙofar Mata, kuma shi ya sa wanda ke son farfaɗo da tsohon shafe yau zai tarar ba gwani kaɗai ya yi ƙaranci ba, har da kayan haɗin.

Ba zan ce wancan zamani ya fi wannan daɗi ba. Bangon ƙasa yana son hidima duk shekara, damina ɗaya mai ƙarfi ta isa ta zubar da kusurwa, ga gara, ga ɓera. Mutanen da suka rungumi siminti ba wawaye ba ne. Tun da Joseph Aspdin ya yi rajistar simintinsa a Ingila a 1824, har masana'antar Kalambaina ta Sakkwato ta fara fitar da nata a 1967, abin da siminti ya yi wa mutane alkawari shi ne hutu, kuma ya cika. Magina ma ba su tsaya kuka ba. A Zariya da Kano sun koyi karce ɗanyen siminti da wuƙa, sun ɗauki fentin gwangwani mai ja da kore da shuɗi, sun sa dagi kusa da keke da agogo da jirgin sama a fuskar gida. Anthony Kirk-Greene ya rubuta ɗan littafi a kan irin waɗannan gidaje na Zariya a 1963. Abin da ya kashe sawun hannu ba siminti ba ne shi kaɗai. Rola ce, wadda ta bazu bayan 1940, da fentin ruwa da ya biyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Su biyun an ƙirƙire su ne don kowa ya iya shafa bango cikin sauri ba tare da an gane wanda ya shafa ba. Wannan shi ne amfaninsu, shi ne kuma abin da uwargida take kuka da shi.

A da dai, a ɗakin mace bango bai taɓa zama fayau ba. Ana gobe za a kawo amarya, 'yan uwa mata su shafe ɗaki da farar ƙasa, su zo da jere: tasoshi da kwanonin sha da langogi masu fure, a jera su sahu-sahu tun daga ƙugu har kusa da rufi. Jere ado ne, kuma ajiya ce, shaida ce ta gatan yarinya. Da kabet mai gilashi ya zo jere ya koma cikinsa, da kabet ya tafi aka bar bango tsirara da talabijin a tsakiya. Ina ganin yawancin kuɗin da ake kashewa a situko da takardar bango yau, gurbin jere ake cikewa, ko da masu biyan ba su ce haka ba.

To, bari mu matsa kusa da mai aikin soso mu ga abin da yake yi. Da fari ya shafa fentin ƙasa, launi ɗaya, ya bar shi ya bushe sarai. Sai ya dama na biyu tsararo-tsararo, wanda ya ɗan fi na farko duhu ko haske. Ya jiƙa soso da ruwa ya matse, ya dangwala a fenti, ya fara buga shi a jikin kwali har sai nauyin ya ragu, sannan ya kai bango. Yana dangwalawa yana juya wuyan hannu, domin idan bai juya ba siffar soson za ta riƙa maimaita kanta, ido kuma ba ya yafe maimaici. Ba ya bin layi. Yakan ja da baya taku uku ya duba, ya dawo ya cike inda ya yi fari. Kusurwa ita ce ke tona asirin koyo, don a nan fenti ke taruwa ya yi baƙi, shi ya sa gwani yake yanko ɗan guntun soso saboda ita. Kuma bango ɗaya mutum ɗaya ke gama shi. In yaron shago ya karɓa daga tsakiya, ko makaho ya shafa zai ji inda hannu ya canza.

Aikin tsumma da na mataji sun fi wannan gaggawa, domin su a ɗanyen fenti ake yi. Ɗaya yana shafawa, ɗaya yana biye da shi yana ɗaukewa, kuma ba a yarda bakin aikin ya bushe kafin a haɗa shi da na gaba, in ba haka ba tabo zai fito daga sama har ƙasa. A nan ne hotunan waya ke yaudara. Wanda ya yi bidiyon a ƙasa mai laima yana da mintoci masu yawa. Mai fenti a Katsina ko Maraɗi cikin hunturu, iska busasshiya tana kaɗawa, kafin ya juya fentin ya kama. Masu wayo sukan rufe tagogi, su fara da sassafe, su rage faɗin da suke ɗauka a lokaci guda. Wannan ilimi babu shi a jikin bokiti. Irinsa ne magini yake da shi lokacin da yake taɓa shafe da bayan yatsa don ya ji ko ya isa zane, bai yi ruwa ba, bai kuma ƙeƙashe ba.

Situko shi ne sarkin yayi, shi ya fi tsada, shi ne kuma aka fi yi wa ƙarya. Asalinsa a Italiya toyayyar farar ƙasa ce da garin dutsen mabul, a shafa da cokalin ƙarfe siriri-siriri, hawa biyu ko uku ko fiye, sannan a goge da gefen cokalin har ya yi sheƙi. Mutanen Banis sun riƙe shi ne saboda garinsu a kan ruwa yake, gidaje a kan turaku, dutse na gaske ya yi musu nauyi, ga laima da ke son bango mai numfashi. Farar ƙasar tana shan iska a hankali tana komawa dutse, don haka sheƙin daga jikinta yake, ba wani mai aka shafa ba. A Marrakesh ta Maroko suna da ɗan'uwansa, tadalakt, wanda ake gogewa da dutse a bi da baƙin sabulun zaitun har ruwa ya daina shiga, shi ya sa ake yin ɗakunan wanka da shi. Yawancin abin da ake sayarwa a kasuwanninmu da sunan situko kuwa haɗin roba ne. Yana da kyau a ido, yana da sauƙin aiki, amma ba ya numfashi, kuma ya kamata mai saye ya san abin da ya biya.

Kwaikwayon dutse da fenti ba laifi ba ne, ba kuma yau aka fara ba. A Fomfei, garin da dutse mai aman wuta ya binne a shekara ta 79 Miladiyya, an tono gidaje da bangayen da aka yi wa shafe aka rina su su yi kama da sassan mabul. Ɗan Adam ya daɗe yana son abin da aljihunsa bai kai ba. Abin da ke ba ni dariya kawai shi ne wani salon da ake kira na tsohon bango, inda ake biyan kuɗi masu kauri don a sa sabon siminti ya yi dabbare-dabbare, launin ƙasa, da alamun cokali a jiki. Maigidan da ya rushe soron kakansa don ya tsufa, shi ne ya biya aka zana masa tsufa a falo.

Akwai kuma inda kalmar shafe take juya baya. Ana shafa don a fito da abu, ana kuma shafewa don a ɓatar da shi, kuma aikin fenti na ado ya iya biyun. Bangon da filastarsa ta yi tudu da kwari, fenti mai sheƙi tona shi yake yi, mai yashi-yashi kuwa rufa masa asiri yake, wannan halal ne. Amma bangon da ke shan ruwa daga tushe, wanda gindinsa ke fitar da farin gishiri, fenti yana kumbura yana ɓarewa, babu dizayin da zai warkar da shi. Na sha ganin gidan haya da aka lulluɓe irin wannan bango da situko ana gab da zuwan mai kama haya, damina ɗaya ta fallasa komai. Sabuwar filasta ma tana bukatar kamar mako huɗu ta bushe kafin a ɗora mata fenti, amma gaggawar tarewa ba ta bari. Mai fenti na kirki zai ce, "Hajiya, a yi haƙuri a gyara ruwan nan tukuna, in ba haka ba kuɗinki za ki zubar." Wanda ya ce ba komai, fentinsa na waje ne, yana maganin ruwa, to a sallame shi tun kafin ya buɗe bokiti. Haka kuma bangon ƙasa da aka yi wa rigar siminti ko fentin mai: laima ta shiga ta rasa hanyar fita, ƙasa ta ruɓe a ciki, wata rana rigar ta faɗo gaba ɗaya.

Ƙura ma tana da ƙuri'a a wannan shawara. Duk wani shafe mai kaushi matattarar ƙurar hunturu ce, kuma ba ya goguwa da tsumma. Ya dace da bango ɗaya a falo, ko saman da hannu ba ya kaiwa. A hanyar da yara ke bi suna jan yatsa, ko kusa da madafa, mai santsi da ake iya wankewa ya fi. Kuma bango ɗaya ya isa. Ɗakin da aka yi wa ado a fuska huɗu, ga rufin fi'ofi mai hawa uku da fitilu masu canza launi, ga labule mai fure, ga tayil mai zane, ba a zama a cikinsa a huta. Tsofaffin magina sun fi mu sanin wannan. Sukan tara zane a bakin ƙofa da kan ginshiƙi da cikin baka, su bar sauran bango ya huta, don wanda aka yi wa adon ya fito.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: in gidan tsoho ne kuma akwai tsohon fentin mai a bango ko ƙofa, kada a bi shi da samfefa a bushe yara suna wurin. Irin waɗannan fenti da yawa suna ɗauke da dalma, ƙurarta kuma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, illar da ba ta gyaruwa. A jiƙa kafin a kankare, a fitar da yara da masu ciki, a share da jiƙaƙƙen tsumma.

Abin da nake fata shi ne masu fentinmu su daina jin kunyar kalmomin gida. Saurayin da ya iya jan mataji a ɗanyen fenti ya fitar da igiyar ruwa, babu abin da zai hana shi fitar da dagi, ko sarƙa, ko irin layukan da ke jikin ginshiƙan Zariya, in da an taɓa kai shi ya gani. Makarantun koyon sana'a da sassan zane-zanen gini na jami'o'inmu suna iya haɗa shi da tsofaffin maginan da suka rage a Kano da Zariya da Damagaram, ya ga yadda ake karanta ɗanyen shafe, su kuma su ga abin da sabon kaya zai iya. Hudaddiyar robar da ake yin fure da ita, a nan ma ana iya yanka ta da zanen da ke kan hular zanna ko wuyan babbar riga.

Kai kuma mai gida, kafin ka biya kuɗin ɗaki guda, ka sa a yi maka gwaji a kan bangon kansa, faɗin taku ɗaya, ba a waya ba, ba a kan kwali ba. Ka bar shi ya bushe. Ka dube shi da safe, ka dube shi da la'asar, ka kunna fitila da dare ka sake dubawa, ka shafa shi da tafin hannu, ka kuma goga masa jiƙaƙƙen tsumma ka ga ko zai jure. In ya yi maka, ka tambayi sunan wanda ya yi gwajin, ka ce shi kake so ya gama bangon da hannunsa.